Lambar da Kaka Ta Goge

Matar ofishin ajiyar tsofaffin takardun soja ta ɗaga ɗan ƙarfen sama, ta juya shi a hasken taga, ta sake juyawa. Auta yana tsaye gaban teburinta, ƙafarsa ɗaya na rawa ba da saninsa ba.

"Wa ya yi wa abin nan haka?"

"Kakata ce, Hajiya. Na mahaifinta ne. Kullum cikin goge shi take."

"Ai kuwa ta goge shi da kyau. Ka ga, lambar ƙarshe ta tafi gaba ɗaya."

Auta ya leƙa. Ƙarfen wuya ne irin wanda soja ke ratayawa, ya yi sumul yana ƙyalli kamar sabon cokali. Lambobin farko suna nan raɗau, amma a gefe, daidai inda babban yatsan Kaka ke sauka, ba komai sai santsi. Tun tana 'yar yarinya take murza shi da toka da tsumma, yanzu ga ta da jikoki masu gemu.

"To ba za a duba da sunansa ba?" in ji matar.

Nan ma wata matsalar ce. Mahaifin Kaka guduwa ya yi daga gida ya shiga soja, ya ba su sunan ƙarya da garin ƙarya don kada ubansa ya biyo sawu. Aka tura su yaƙi, bai dawo ba. Wani abokinsa ne ya kawo ƙarfen, ya miƙa a ƙofar gida ya yi gaba, ba wanda ya tuna ya tambaye shi komai saboda kuka. Lokacin Kaka ba ta daɗe da fara tafiya ba.

Matar ta cire tabarau ta murza idonta. "Ɗana, ka kawo min mutum ba suna, ba gari, lambarsa kuma gurguwa. Ka dawo wani makon, mu duba a natse."

"Hajiya, da yamman nan za a shiga da ita tiyata. Likita ya ce zuciyarta ba ƙarfi. Jiya ta riƙe hannuna ta ce ita dai ko sau ɗaya ta ga fuskar babanta. Ni kuma na ce mata ta bar min."

Bai gaya wa matar yadda ɗakin asibitin ya yi tsit ba da ya faɗi haka, da yadda Kawu ya yi dariya ta hanci. Kowa a gidan ya san Auta. Ya bar makaranta, ya bar shagon tela, ya bar garejin makanike, gyaran wayar da yake yi yanzu ma ana jiran a ga ranar da zai tattara.

Matar ta dube shi jim, sannan ta jawo maƙullai daga aljihun tebur. "Idan lamba ɗaya ce ta ɓace, mutum goma ke nan. Zauna can. Kuma ka daina kaɗa min ƙafa, kana juya min kai."

Ya zauna a benci. Fankar sama na juyawa tana ƙara kamar za ta faɗo. Ta ƙofar da matar ta shiga yana hango kwalaye jere har rufi, ɗakin na warin tsohuwar takarda da maganin kyankyaso. Ya ciro waya ya duba, ya mayar aljihu, ya sake cirowa. Mai gyaran wayar mutane, ga tasa cajinta ya koma ja.

Da ta fito, fayil goma ta ɗauko a ƙirji. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya tana warewa gefe. Wannan an sallame shi ya koma gida. Wannan ya yi ritaya da tsufansa. Wannan ma ya dawo. Auta yana bin hannunta da ido, yana fatan tulin ya ragu har saura ɗaya.

Uku suka rage.

"Waɗannan duka ba su dawo ba," ta ce. "Rundunarsu ɗaya, shekarunsu kusan ɗaya. Iyakar abin da zan iya yi maka ke nan."

A kowane fayil akwai ɗan hoto da tsatsar fil ta ci gefensa. Samari uku, kai a aske, wuya siriri cikin babbar riga, kowa ya zaro ido kamar an tsawata masa. Auta ya ɗauke su a waya, sai da ya sake ɗaukar na biyun saboda ya fito dishi-dishi.

Yana cikin bas Kawu ya kira.

"Kai sarkin alkawari, kana ina? Har sun kawo mata rigar tiyata."

"Ina hanya, Kawu. Na samu, amma su uku ne. Ban san wanne ba ne."

"Uku? Uba uku za ka kawo wa uwata?" Ya ja tsaki, sannan ya rage murya. "Saurara. Zaɓi mai kyan gani a ciki ka nuna mata, ka ce shi ne. Idonta ba gani yake sosai ba. Kar ka zo ka tayar mata da hankali a bakin ɗakin tiyata, ka ji ni ko?"

"Amma Kawu..."

"Ba amma. Sau ɗaya dai a rayuwarka ka ƙarasa abu."

Bas ɗin ta maƙale a cunkoson kasuwa. Kwandasta na faɗa da wata mata kan buhun da ta ɗora a kujera, direba na danna hon ba dalili. Auta ya kare fuskar wayar da tafin hannu yana ƙare wa hotunan kallo. Na farkon kunnuwansa a buɗe, sak na Kawu. Na biyun yana da faɗin goshi irin na Mama. Na ukun bai yi kama da kowa ba, sai dai ya ɗan kauce daga tsakiyar hoton, kamar wanda ya ƙosa a gama ya tafi. Ya ƙara girman fuskokin har suka zama ɗigo-ɗigo. Da ya daɗe yana kallo, sai kowanne ya koma ɗan gidansu.

Ya zaɓi mai kunnuwan. Ya kashe wayar don kada cajin ya mutu, ya sauka ya ƙarasa da gudu.

Kaka tana kan gado mai taya, an ɗaure mata kai da hular leda, ta ƙanƙance cikin shuɗiyar riga. Kawu na tsaye a kanta, wata nas na duba ledar ruwa.

"Ga mijin nawa marar zama," in ji Kaka. "Na ce ko ka yi sabuwar budurwa a hanya."

"Wa zan samu kamarki, tsohuwa?" in ji Auta.

Ya kunna wayar, ya buɗe hoton farko, ya kai mata kusa da fuska. Ta kama wuyan hannunsa ta matso da shi. Ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi.

"Yaro ne ashe," ta ce a hankali. "Ni duk zatona babban mutum ne." Ta ɗago ido. "Shi ne, Auta?"

Kawu ya yi gyaran murya. Auta ya sake duban hoton. Yatsun Kaka a wuyan hannunsa sanyi ƙalau.

"Ban sani ba, Kaka. Lambar ƙarshe ta goge. Ɗaya ne cikin mutum uku."

"Amma kai dai..." Kawu ya fara.

"Rufe min baki," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Nuna min sauran."

Ya nuna mata na biyu, ya nuna na uku. Ta sa ya koma baya, ya sake dawowa. Nas ta saki birkin gadon ta ce lokaci ya yi, Kaka ta ɗaga mata hannu.

"Duk can suka tsaya?"

"Duk can, Kaka."

"Akwai wanda ya taɓa zuwa nemansu?"

Auta ya tuna yadda matar ofis ta yi ta fama da ƙullin igiyar kowane fayil, har sai da ta sa almakashi. "Ba na jin akwai."

Kaka ta saki hannunsa, ta mayar da kai kan matashi.

"To ka wanko min su duka ukun, manya, a sa musu gilashi. In na fito na rataye su a ɗakina. In ban fito ba, kai za ka rataye."

Aka tura gadon, ƙofa ta rufe. Kawu ya zauna a benci. Can ya miƙo hannu ba tare da ya kalli Auta ba.

"Ba ni in gan su."