Mai Gyaran Agogo

Inna Mai Labule ta zura hannu ƙarƙashin filo ta ciro gilashin marigayi mijinta, ɗan mitsitsin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido ɗaya, ta ce, "Miƙo wayar nan, Sakatariya. Yau da idona zan gani."

Sakatariya ta ƙanƙame wayar. Wata huɗu ke nan ita ce idon tsohuwar, abin da ta ga dama shi take karanta mata.

"Inna, hasken wayar zai sa miki ciwon kai. Likita ya ce..."

"Likita ya ce abubuwa da yawa. Shi kansa bai yi min kama da mai lafiya ba. Miƙo."

Ta miƙa. Inna ta gyara zama a kan gado, ta maƙala gilashin, ta kawo wayar daf da hancinta. Leɓunanta suna motsi, harafi bayan harafi. Agogunan bango guda biyar da ke ɗakin suna ta aikinsu, kowanne da nasa lokacin. Can ta karanta a fili, a hankali, kamar mai karanta takardar magani.

"Abin da Mai Gyaran Agogo Ke Min In Ya Rufe Shago." Ta sauko layin ƙasa. "Na manya ne zalla. Ki kulle ƙofa, ki ajiye ruwan sanyi kusa, sannan ki buɗe."

Ta cire gilashin, ta goge shi da gefen zaninta.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, Inna."

"Ruwan sanyin na mene ne?"

Sakatariya ta kalli silifas ɗinta.

Ƙofofinsu suna kallon juna ne a benen haya, taku uku tsakani. Inna ɗinkin labule take yi tun kafin a haifi Sakatariya. Ita kuwa Sakatariya a shagon kwafin takardu take aiki, a bakin titi. Makaranta ba ta yi nisa da ita ba. Da kanta ta koyi buga rubutu, a kan wata tsohuwar kwamfuta da rabin haruffanta suka goge, yanzu ga shi ita ke gyara wa masu digiri rubutunsu, su karɓa ba godiya, su ce dama abin da suke nufi ke nan. Inna ce ta laƙaba mata Sakatariya, sunan ya bi ta har shago.

Wata rana da yamma Inna ta kira ta, ta ɗora mata littattafan rubutu goma sha ɗaya a cinya, duk an rubuta su da jan biro. Labarinta ne da mijinta, shekara talatin da ɗaya, tun ranar da ta kai masa agogon babanta gyara har ranar da ya kwanta bai tashi ba. Ta ce a buga mata, a sa a wayar nan da mutane ke karatu.

"Amma kar ki kai min inda ake labarin dabbobi don yara. Inda manya ke sa nasu za ki kai. Ni da mutumin nan ba jarida muka zauna muna karantawa ba."

Sakatariya ta buga. Akwai wuraren da ta buga tana waiwaya ko mai shago na kallo. Inna ba ta ɓoye komai ba, sai dai komai nata a hankali yake tafiya, kamar ɗinkin hannu. Mutumin in ya dawo, sai ya tsaya a bakin famfo ya wanke baƙin man da ke hannunsa, yatsa bayan yatsa, har ƙarƙashin farce, kafin ya taɓa ko da gefen mayafinta. Ita kuma tana ɗaki tana jin ƙarar ruwan. Shafi huɗu Inna ta yi a kan ƙarar ruwan nan kaɗai.

Sunan da Inna ta ba labarin kalma uku ne: Mai Gyaran Agogo. Bayanin da ta ce a sa a ƙasa kuwa: Labarin wata mata da mijinta.

Ta sa shi a wani shafin labarai na intanet. Sati uku, mutum tara suka buɗe. Cikin taran, biyu Sakatariya ce, ɗaya a waya ɗaya a kwamfutar shago. Kusa da shi a shafin akwai wani wai Ni da Manaja Bayan An Tashi Aiki, mutum dubu tamanin sun karanta, marubucin bai san inda ake sa aya ba. Kullum Inna sai ta leƙo ta tambaya, "Mu nawa yau?" Kullum Sakatariya ta ce tara, Inna ta ce, "To, madalla," ta koma kan keken ɗinki. Wannan madallar ce ta ishe ta.

A shafin akwai wani da ya naɗa wa kansa Likitan Labari, yana sakin darasi da murya mai kauri. Bai taɓa rubuta labari ba, amma ya san yadda ake sa wa na wasu suna. Ya ce mai karatu daƙiƙa uku yake ba ka, in sunan bai yi masa alkawarin rufaffiyar ƙofa ba, ya wuce. Sakatariya ta yi masa tsaki, sannan ta bi maganarsa kalma da kalma. Ba ta taɓa ko waƙafi ɗaya na cikin labarin ba. Suna ta canja, da layi biyun da ke ƙasa.

Washegari ɗari shida. Ƙarshen wata dubu goma sha biyu. Lokacin da ciwon ƙirjin Inna ya kwantar da ita, sun kai dubu arba'in.

"Dubu arba'in?" Inna ta dafe ƙirji, ta yi dariya har tari ya kama ta. "Mutumin da in baƙi uku suka shigo shagonsa sai ya rasa inda zai sa idonsa!"

Abin da Sakatariya ba ta karanta mata ba shi ne abin da dubu arba'in ɗin ke rubutawa a ƙasa. Babi bakwai mutumin nan yana wanke hannu, yaushe za a fara? An cuce mu. Ruwan sanyina har ya yi zafi. Sai ta tsallake su, ta nemo na wata da ke kiran kanta Matar Mai Walda, wadda tana cikin taran farko, kuma duk babi sai ta bar layi ɗaya. Nawa ma haka yake yi. Ko kuma: Na karanta na je na kalle shi yana barci.

Yanzu ga Inna riƙe da gilashi, ga wayar a kan bargo.

"Ni kalma uku na ba ki," in ji ta. "Kin dawo min da jimla har da kwalliya."

"Inna, wallahi ba don wani abu ba ne. Da sunanki ba mai buɗewa. Ke kin ga tara. Yanzu fa?"

"Sun zo neman abin da kika ce musu akwai. Sun samu?"

Sakatariya ta girgiza kai.

"Kin gani. Kin tara min jama'a a ƙofar ɗaki suna leƙe." Ba faɗa take ba, muryarta ƙasa-ƙasa take. "Kuma ƙarya kika yi masa. Mutumin nan bai taɓa rufe shago saboda ni ba. Sai agogo ya buga shida. In ya ji an ce haka a gaban mutane, kunya sai ta sake kashe shi. Ki mayar masa da sunansa, 'yar nan."

Nan ne Sakatariya ta yi abin da ta tsana a wurin masu digiri: ta gyara murya ta fara bayani. Ta ce labarin yana shafin farko yanzu. Ta ce in aka taɓa sunan, shafin zai ɗauke shi sabo ne ya jefa shi can ƙasa. Ta ce saura babi uku, kullum ɗaya, kuma na ƙarshen ya fi duka, wanda a cikinsa mijin ya ba ta agogon hannunsa a asibiti ya ce ta riƙa ba shi wani, wato ta riƙa murɗa shi kar ya tsaya. Ai gara dubu arba'in su karanta wannan da mutum tara.

"Kwana uku kacal, Inna. Ranar da na sa na ƙarshe, a gabanki zan mayar."

Inna ta daɗe tana kallonta da idon da ba gilashi.

"Ke kika san abin nan, ni ban sani ba," ta ce. "Kwana uku. Allah ya kai mu."

Washegari bayan an tashi daga shago ta kawo mata ruwan zafi a fulas. Inna ta rame a kwana ɗaya, abin mamaki, kamar an rage mata iska. Rana tana shigowa ta tagar, ta kan labulen da ta fara wa kanta ba ta gama ba, allurai jere a gefen ƙasa.

"An mayar?"

"Jibi, Inna. Kin manta?"

"Au, haka ne. Jibi." Ta rufe ido. "Ba wa agogon tsakiyan nan wani kafin ki fita. Ya fara ja da baya."

Sakatariya ta hau kujera ta murɗa wa agogon makulli. Ta so ta ce sun kai dubu arba'in da bakwai. Ta ga ba a tambaye ta ba, sai ta haɗiye.

Da safe ta sa babi na biyun ƙarshe tun kafin ta yi wanka. Ta fito da jaka a kafaɗa sai ta ga ƙofar Inna a buɗe, takalman mata huɗu a bakin ƙofa. Matar direban da ke ƙasa ta fito tana share ido da gefen mayafi.

"Sai haƙuri, Sakatariya. Na kawo mata shayi na tarar ta riga ta tafi. Ko motsi bargon bai yi ba."

Wayar tana hannunta, tana ta ƙyaf-ƙyaf da saƙon masu karatu. Ta kife ta a cinyarta, ta zauna a kan matakala. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Abin da kawai ke yawo a kanta shi ne jibi ta zama gobe.

Ɗan Inna ya iso da rana. Injiniya ake ce masa, kodayake ba wanda ya taɓa ganin abin da ya gina. Waya biyu a hannu, tabarau a goshi. Bayan an kai ta an dawo, ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana karɓar gaisuwa kamar mai buɗe taro.

"Mahaifiyata mace ce mai sauƙin kai," yake gaya wa mutane. "Duniyarta keken ɗinki ce. Ba ruwanta da abubuwan zamani."

Kwana biyu bayan haka ya sa aka sauke agogunan bango duka biyar, ya ce kayan tarihi ne, za su yi kyau a falonsa. Da ya ci karo da littattafan a ƙarƙashin gado, ya buɗe ɗaya ya ga jan biro, ya rufe.

"Awon labule ne. Ke ce yarinyar shagon takarda ko? Ɗauka, ko kwa naɗe wani abu da su."

"Na gode, Yallaɓai," in ji Sakatariya. "Awo ne mai kyau."

Da matan suka yaye zanin gado, gilashin ya faɗo daga cikin rigar filo ya gangara har ƙafarta. Injiniya ya kalle shi ya ce murfin wani abu ne. Ta sa shi a jaka.

A shago ta mayar da sunan, da tsakar rana, wani ɗalibi na tsaye a kanta yana jiran a gyara masa babin godiya. Ta buɗe shafin, ta goge doguwar jimlar, ta buga kalma uku. Ta goge ƙofar da ruwan sanyin, ta buga: Labarin wata mata da mijinta. Ta danna. Ta duba agogon kwamfutar. Abin bai ci minti ɗaya ba.

"Malama, sauri nake," in ji ɗalibin.

"Kowa ma," ta ce.

Yadda ta faɗa wa Inna, haka aka yi. Kafin la'asar labarin ya ɓace daga shafin farko, wani mai suna Sirrin Ɗaki Lamba Tara ya hau wurinsa. Ta sa babin ƙarshe. Cikin kwana uku mutum goma sha huɗu suka buɗe shi. Ba wanda ya yi zagi, ba wanda ya ce an cuce shi. Saƙo ɗaya ne kawai a ƙasa, na Matar Mai Walda.

Gara da kika dawo da sunan, Inna, wancan bai yi kama da ku ba. Har yanzu kina ba agogon wani?

Sakatariya ta fara buga amsa. Ta goge. Ta sake farawa, ta sake gogewa. Ta rufe shago ta tafi gida.

An kulle ƙofar Inna da sabon kwaɗo, amma ba wanda ya tuna da labulen taga. Ta tsaya a baranda da gilashin a tafin hannunta. Iska tana ɗan ɗaga gefen labulen tana sakewa, alluran suna nan jere inda Inna ta soka su.