Ranar da Aka Kawo Injin Rake Gazara

Har ta tsufa, in Ummuhani ta ji ƙamshin mazarƙwaila a kan wuta, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta tuna Gazara.

Tana 'yar shekara bakwai a Gazara, a ɗakin tsohuwa Hajo take kwana, ita take ce wa Inna. A gidan akwai wata mace, Lantana, da yara ke ce wa Yaya. Kowa Lantana na wasa da shi, ban da Ummuhani. Ko aike ne, sai dai ta ce "ke yarinya" tana duban bango. Abin yana ci wa Ummuhani rai, wallahi. Ta share mata ɗaki, ta tsinto mata kanya, duk don ta ji sunanta sau ɗaya a bakin nan. Ina! Ko kallo.

Sai ga shekarar da Baturen gona ya kawo injin matse rake. Kai, ranar gari ya tashi! Mata suka bar taɓare a turmi, makiyaya suka baro shanu, har daga Gubuci aka zo kallo. Doki na zagayawa, ƙarafa na tauna rake, ruwa na kwarara cikin tukunyar dafa mazarƙwaila. Ummuhani kuwa, uwar rawar kai, ta kutsa ta ƙarƙashin hammatar manya da guntun rakenta, wai ita ma sai ta ba inji ya ci. Ƙarfe ya ja raken, ya ja, yatsunta na biye.

"Ummuhani!"

Aka fizgo ta baya. Lantana ce, kai ba kallabi, ta rungume ta tana lalubar yatsun ɗaya bayan ɗaya, biyar cif. Daɗi ya kashe Ummuhani, ta ma manta da inji.

Sai mata suka ɗauki shewa suna tafa hannu, wai yau Lantana ta yar da kunya, ta kira sunan 'yar fari a bainar jama'a. Ummuhani ta tambayi Hajo wace ce 'yar farin.

Tsohuwa ta ce, "Ke mana, ja'ira. Ni kakarki ce. Wa kike tsammani ta haife ki?"

Kwana uku Lantana ba ta fito tsakar gida ba. Da ta fito, Ummuhani ce ta sunkuyar da kai ta ratse, kunyar ta kama ta ita ma. Daga ranar babu sauran sharar ɗaki, babu kanya. Lantana ta rayu shekara talatin bayan haka, ba ta ƙara kiran sunan ba.