Zabi Biyu daga Tungar Maiwada

Jibrin ya ware yatsu biyu a kan wayar mai shayi, hoton ya ƙara girma har rubutun ya dushe. Ba rubutun yake dubawa ba. Kowa a Kaura Namoda ya haddace shi tun ranar Laraba: takardar gwamnati ce mai jan hatimin sirri, tana cewa za a janye jami'an tsaron da ke Tungar Maiwada ranar Alhamis, kuma kada a sanar da kowa. Wani ne ya ɗauki hotonta ya sake shi a waya. Kafin la'asar ɗin Alhamis mutanen ƙauyen sun kwashi yara da awaki, wasu sun yi Zurmi, wasu Kaura. Da 'yan bindiga suka shiga ranar Juma'a, rumbuna kawai suka tarar, suka ƙona.

Gefen hoton yake dubawa. A ƙasan takardar, ta hagu, katakon tebur ya ɗan leƙo, da wani baƙin tabo mai kama da zobe. Jibrin ya san tabon. Shi ya yi shi da gindin butar shayi mai zafi, shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

"Malam Jibrin, ka gama duba aikin naka?" in ji Wakili mai shayi, yana kashe masa ido.

"Wane aiki?"

"Babu, babu. Sha shayinka." Da Jibrin ya sa hannu a aljihu, Wakili ya ture hannun. "Ba ka biyan shayi a teburin nan, yau ko gobe. Ƙanwata na aure Tunga. Tana gidana yanzu da ɗiyanta huɗu, da ransu."

"Ni ban ce na yi komai ba."

"Ai shi ya sa muke son ka. Ba ka cewa."

Masu zama a benci suka yi dariya. Wani direban Shinkafi ya miƙo masa hannu biyu suka gaisa. Jibrin ya karɓi gaisuwar. Kwana biyar ke nan yana karɓarta.

Shekara goma sha bakwai ya yi a ɗakin ciki na ofishin ƙaramar hukuma, inda ake ajiye takardun tsaro. Teburin nasa ne, mabuɗin nasa ne. Shekara biyu da suka wuce aka kawo Kamaluddeen, ɗan shekara ashirin da tara, da digiri biyu da kwamfuta a jaka. Sakataren ofishin, Alhaji Magaji, ya ce zamani ya canza. Aka ba yaron mabuɗi da tebur, aka fito da Jibrin bakin ƙofa yana karɓar wasiƙu yana buga hatimin kwanan wata. Bai taɓa faɗa a gida ba. A wajen matarsa Saliha, da danginta na Tungar Maiwada, har yau shi ne mai ɗakin sirri.

Da safen nan, kafin ya fito, ya ji ta tana magana da maƙwabciya ta kan katanga. "Ai ke kin san maigidan, ba ya magana. Ko ni bai gaya wa ba." Rabon da ya ji ta ambace shi da irin wannan murya ya manta. Mahaifiyarta, wadda ta tsero daga Tunga a bayan babur, tana zaune a tabarma tana sa masa albarka har ya bar zaure.

A harabar ofis ya tarar da farar mota mai buɗaɗɗen baya, da lambar Gusau. Masu bincike ne: wata mace mai tabarau da ake kira Hajiya Surayya, da wani ƙato da bai faɗi sunansa ba. Aka karɓe wayoyin ma'aikata bakwai aka zuba a tire. Aka ce za a kira su ɗaya bayan ɗaya.

Daga kujerarsa ta bakin ƙofa Jibrin yana hango ɗakin ciki. Kamaluddeen na zaune cikin farar shadda mai guga, mabuɗin na rataye a ɗan yatsansa. An shimfiɗa wa teburin koren ƙyalle. Ranar Talatar da ta wuce babu ƙyallen.

Da azahar suka haɗu a bakin famfo, su biyu kawai.

"Baba Jibrin, sannu da aiki."

Jibrin ya tsani wannan Baban. Ya wanke hannu sau uku kafin ya yi magana.

"Na ga ka saya wa tebur riga."

"Datti yake yi."

"Shekara biyu dattin bai dame ka ba." Ya kurkure baki ya tofar. "Ni na ƙona katakon nan. Na san shi ko a hoto."

Butar da ke hannun Kamaluddeen ta tsaya, ruwa na zuba a kan takalminsa. Bai musa ba.

"Za ka faɗa musu?"

"Me ya haɗa ka da Tunga? Ba ka da kowa can. Ko hanyar ba ka sani ba."

"Ni na buga takardar, Baba. Akwai adadin gidaje a shafi na biyu. Ɗari biyu da goma sha huɗu. Na kasa cin abinci."

"Ka kasa cin abinci," in ji Jibrin. Ya shafa kai, ya wanke ƙafa, ya wuce masallaci.

A sahu bai san abin da liman ya karanta ba. Shi ma ya ga shafi na biyun. Aljihun teburin yana da lalura: in ka sa gwiwa a ƙasa ka ɗaga, yana buɗewa ba mabuɗi. Duk lokacin da yaron ya fita salla, Jibrin kan shiga ya duba abin da aka daina nuna masa. Ranar Talata ya karanta sunan ƙauyen surukarsa, ya mayar da takardar, ya rufe. Ya lissafa: saura wata goma sha huɗu ya yi ritaya da fanshonsa. Ya koma gida ya ci tuwonsa, ya ƙara. Sai ga yaron da ba shi da ko akuya a Tunga ya tashi ya yi abin.

Abin da ke cin sa ke nan. Mabuɗi an ɗauka an ba yaron ne. Wannan kuwa ba wanda ya ba shi.

Bayan salla Alhaji Magaji ya ja shi gefe.

"Jibrin, kai tsohon hannu ne. Zamaninka ko ƙuda bai fita da labari daga ɗakin can ba. Na yi kuskure, na sani. In ka san wani abu, taimaka musu. Mabuɗin nan yana buƙatar komawa inda ya fito."

Ƙarfe uku saura kwata aka kira shi. Hajiya Surayya ta zauna a ofishin sakatare, an buga hoton a babbar takarda a gabanta. Ta karanta masa dokar sirrin gwamnati ba tare da ta ɗaga murya ba: kora, asarar fansho, kotu.

"Malam Jibrin, an ce ba wanda ya san ofishin nan kamarka. Dubi hoton da kyau. Akwai abin da ka gane?"

Tabon na nan a kusurwa, baƙi, kamar an zana shi. Kalma huɗu suka rage: ku ɗaga koren ƙyalle. Gobe da safe zai zauna a kujerarsa. Ya buɗe baki.

Sallama ta tashi daga harabar, ta mutane da yawa, haɗe da kukan zabi.

Su shida ne, cikin rigunan da suka kwana biyar a jiki. A gaba akwai Jatau, mai unguwar Tungar Maiwada, dattijo mai farin gemu, riƙe da zabi biyu an ɗaure musu ƙafafu da tsumma. Mai gadi na ƙoƙarin tare su, suna wuce shi cikin ladabi. Ma'aikata suka fito baranda. Hajiya Surayya ta fito, ƙaton da Jibrin na bayanta.

"Ina Malam Jibrin? Yawwa, ga shi!" Jatau ya cire takalmi ya durƙusa, sauran suka bi shi. "Gida munka fara zuwa, ɗiyarmu Saliha ta ce kana wurin aiki. Munka ce to madalla, haka ya fi. Godiya irin wagga ba a yin ta cikin ɗaka. Sai gaban manyan mutane, su san wa suke da shi."

"Baba Jatau, ku tashi," in ji Jibrin. "Ku je gida, zan same ku."

"Ba mu tashi sai mun faɗi." Dattijon ya juya ga Alhaji Magaji, sannan ga matar mai tabarau, wadda ya ga alamar ita ce babba. "Hajiya, ke shaida. Bawan Allah nan ya ga takarda, ya san mu mutane ne, ya aiko muna. Gero ya ƙone, dawa ta ƙone. Amma ko jinjiri ba mu rasa ba. Zabin ga su kaɗai na hito da su. Allah shi ƙara mai girma, ku ma ku ƙara mai."

"Amin," in ji mutanen biyar.

Alhaji Magaji ya zare hularsa ya mayar.

"Malam Jibrin," in ji Hajiya Surayya, "wace takarda suke gode maka a kai?"

Jibrin na iya cewa ƙauyawa ne, sun ji jita-jita. Gaskiya ce ma. Yana shirya maganar ke nan sai ya ji motsi a bayansa. Kamaluddeen ya fito daga ɗakin ciki. Ya tako har gaba, ya ajiye mabuɗin a kan dakalin baranda.

"Hajiya, kada a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Maganar gaskiya..."

Jatau ya fara juyar da kai. Jibrin ya ga idanun dattijon sun bar shi sun koma kan farar shaddar, zabin da ke hannunsa su ma sun ɗan karkata can. Ya ga yadda labarin zai isa teburin Wakili kafin magariba, ya isa katangar Saliha kafin isha. Ashe ba shi ba ne. Yaron ne, mai digiri biyu.

"Kai, rufe mana baki," in ji Jibrin. "Manya na magana."

Ya sunkuya ya karɓi zabin da hannu biyu.

"Na karɓa, Baba Jatau. Allah ya mayar muku da abin da kuka rasa."

Hajiya Surayya ta cire tabarau. "Ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani."

"Ba ka da mabuɗin ɗakin ciki. Rajista ta nuna shekara biyu ke nan."

"Biyo ni."

Ya shiga da zabin a hannun hagu. Ya fizge koren ƙyallen ya yar a ƙasa, ya nuna tabon. "Duba hotonki. Butata ce ta yi wannan." Ya ce wa ƙaton ya ja aljihun teburin. Ƙaton ya ja, a kulle. Jibrin ya sa gwiwa a ƙasa ya ɗaga, aljihun ya zamo waje da kansa, fayiloli jere a ciki.

"Yaron nan shekara biyu yana zaune a kan teburin da bai sani ba," ya ce. "Yana fita salla, ina shiga. Surukata 'yar Tunga ce, ku tambaya."

"Wayar da ka ɗauki hoton fa?"

"Tana cikin gulbi."

"Baba Jibrin..." in ji Kamaluddeen daga bakin ƙofa.

"Yana son ya rufa mini asiri ne, don a ce yana da kirki," Jibrin ya ce wa Hajiya, bai waiwaya ba. "Haka yake. Komai sai ya sa kansa a ciki."

Ta dubi hoton, ta dubi tabon. Sannan ta mayar da tabarau ta rubuta wani abu.

Ba su sa masa ankwa ba. Suka ce ya shiga bayan motar, za a ƙarasa magana a Gusau. Mutanen Tunga na tsaye a bakin ƙofar harabar, sun fara gane cewa wani abu ya lalace. Jatau na tambayar mai gadi ko girman ne za a je a ba Malam Jibrin can.

Direba na neman mabuɗin mota lokacin da Kamaluddeen ya zo jikin ƙarfen, ya yi ƙasa da murya.

"Saura wata goma sha huɗu, Baba. Me ya sa?"

"Ka karɓi mabuɗi. Ka karɓi tebur." Jibrin ya gyara zama. "Wannan ba ka samu."

Injin ya tashi. Ya dubi zabin da ke kan cinyarsa, ya ga ba inda zai kai su a Gusau. Ya miƙa su ta saman ƙarfen, yaron ya karɓa, ɗaya ta yi masa kashi a hannun riga.

"Ka san gidana, bayan tashar jirgi. Ka kai wa Saliha." Motar ta fara tafiya, ya ɗaga murya don mutanen bakin ƙofa su ji. "Ka ce mata ni na aike ka."