Wuyan Ubaidu Direba

Ciwon ya fara wa Ubaidu ne a ƙarshen damina. Direban bas ne, mutumin Gwandu, ya daɗe yana jigilar fasinja zuwa Kalgo a motar wani Alhaji mai sayar da taki. Da farko nauyi kawai yake ji tsakanin wuyansa da kafaɗar hagu, kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Daga baya abin ya riƙa hawa ta bayan kunne, ya je ya tsaya a bayan ido. Kafin a gama yankan shinkafa wuyan ya ƙi juyawa hagu. In an kira shi ta can sai ya juya da ƙirjinsa gaba ɗaya, abokansa na tasha suna dariya suna ce masa soja.

Matarsa Hajjo ta gasa masa wurin da ruwan zafi har fatar ta yi ja. Wanzami ya yi masa ƙaho, ya nuna masa baƙin jini, ya ce sanyi ne. Mai kemis ya ba shi ƙwayoyin da suka sa shi gyangyaɗi a kan sitiyari, dole ya bar su. Wata fasinja ce ta ga yadda yake karɓar kuɗin mota a karkace, ta ce akwai wani likitan gashin ƙashi a Kalgo, ya je ya gwada.

Sunan likitan Sirajuddeen, mutum ne marar yawan magana. Ya sa Ubaidu ya tuɓe riga ya kwanta rub da ciki, ya ɗora masa tawul mai zafi. Da wurin ya ɗumama, ya bi kafaɗar da yatsa a hankali, yana lalube, har ya tsaya a kan wani ƙulli kamar ƙwallon dabino a cikin tsoka. Ya danna.

Ubaidu ya yi salati da ƙarfi. "Likita, idona! A ido nake jin shi!"

"To, mun same shi ke nan. Idonka lafiya yake, Malam Ubaidu. Tsokar nan ce ta ƙulle, ita ke aika zafin can. Daure, ka riƙa sakin numfashi."

Bai ɗaga yatsan ba sai da zafin ya fara lafawa. Sannan ya zaunar da shi, ya riƙe kansa da hannu biyu yana miƙar da wuyan kaɗan-kaɗan. Ya koya masa yadda zai jingina da bango ya murza wurin da ƙwallon roba, da yadda zai sunkuyar da kunne wajen kafaɗa safe da yamma. Daga nan ya koma gefen hagunsa ya tsaya.

"Dube ni ba tare da ka motsa kafaɗa ba."

Ubaidu ya gwada. Kan ya ɗan tafi ya tsaya cak.

"Da wannan wuyan kake tuƙi?"

"Ai akwai madubi."

"Madubi ba ya nuna komai da komai, ka fi ni sani. Ciwonka mai warkewa ne, amma sai ka ajiye mota na ɗan lokaci. Zaman kujerar nan da girgizar hanya su ke mayar da aikinmu baya."

Ubaidu ya je wa Alhaji da maganar. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya ce lafiya ta fi komai, ya kawo makulli a ba wani ya riƙe kafin ya warke. Ubaidu ya tuna direban da ya gada, wanda shi ma jinya ya tafi, ga shi yanzu yana sayar da rake a bakin tasha. Sai ya mayar da makullin aljihu, ya ce ai ya ma ji sauƙi.

Kuma ba ƙarya zalla ba ce. Bayan ya koma gashi wasu lokuta ciwon kan ya ragu, ya fara samun barci. Juyawar ce dai ba ta dawo ba. Duk sanda Sirajuddeen ya tambaye shi ko ya ajiye motar, sai ya ce ya ajiye, alhali a bayan masallaci ya faka ta.

Ranar wata kasuwa, da hantsi, ya tsaya a gefen titi a Kalgo ya sauke wata mata da kwandunanta. Ya duba madubi, bai ga kowa ba. Ya fara waiwayawa hagu, zafin ya soke shi har cikin ido, sai ya fasa, ya karya sitiyari ya hau titi. Ƙarar da ya ji ba ta ma da girma. Da ya fito ya tarar da babur a kwance, tayarsa na juyawa, da wani mutum a kan kwalta, jini na bin kunnensa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Sunansa Abdulrasheed, manomi ne daga Diggi, ya shigo sayen maganin feshi. Ya bar mata da 'ya'ya ƙanana.

Ubaidu ya kwana a hannun 'yan sanda har yayan mamacin, wani dattijo mai suna Umaru, ya zo ya ce su ba su da shari'a da kowa, kwana ne ya ƙare, sun yafe. Da aka sake shi, shugabannin tasha suka raka shi Diggi ta'aziyya. Aka yi addu'a a ƙofar gida, aka shafa. Da mutane suka fara tashi, Ubaidu ya matsa kusa da dattijon ya durƙusa.

"Baba, akwai abin da ban faɗa ba. Ban ga ƙanenka ba ne saboda wuyana ba ya juyawa. Likita ya hana ni tuƙi, na ƙi ji."

Umaru ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Carbin da ke hannunsa ya tsaya.

"Ka san da wanga ciwo ka ɗauki mutane?"

"Na sani."

"To mi kake so in yi da maganar yanzu? Na yafe a gaban jama'a, ba ni janyewa. Amma da ka bar ni da abin da na ɗauka, da na fi samun barci." Ya ɗago ido, sun kaɗa sun yi ja. "Matarsa na ciki tana takaba. Kada wannan zance ya kai kunnenta. Tashi ka tahi."

A hanyar komawa shugabannin tashar suna ta yaba haƙurin mutanen Diggi.

Ubaidu ya mayar wa Alhaji makulli. Hajjo ce ta matsa masa ya koma gashi, don ciwon ya dawo har ya fi da, ko cokali ba ya iya kaiwa baki sai ya runtse ido. Sirajuddeen ya riga ya ji labari, duk Kalgo ta ji. Bai tambaye shi komai ba. Ya ɗora tawul, ya nemo ƙullin ya danna, ya ce ya saki numfashi. Sannu a hankali tsokar ta saki, kafin bazara wuyan ya warke sarai.

Ubaidu bai koma tasha ba. Ya tafi Malisa yana taya ƙanensa noman albasa da gero. Da kaka ta yi, ya ware buhun gero guda daga rabonsa, ya ba wani mai mota ya kai wa marayun Diggi. Bayan kwanaki mai motar ya dawo da shi, ko bakinsa ba a kwance ba. Ya ce dattijo Umaru ya ce a gaishe shi, sun gode, suna da abinci.