Tukwanen Maƙabartarmu

A shekarar 2004 wani ɗan kwangila ya kafa turaku a maƙabartarmu da ke bayan ƙauyen Jama'a, wai fili ne ba kowa a ciki. Ba kowa! Uwata tana ciki, kakannina suna ciki.

Mu Hausawa ne Kirista. Ba ma zuba siminti a kan kabari, tukunya muke fasawa mu kifa, yadda muka tarar iyayenmu suna yi.

Babana, Malam Toma, tsohon malamin firamare a Samaru, ya ce in raka shi Sabon Gari wurin Barista Ukachi, lauyar kare haƙƙin ɗan Adam. Ta biyo mu ta ga wurin, sannan ta juya ta yi wa Baba magana.

"Baba, ina gicciye? Kwamitin filaye zai ce ba naku ba ne. Ku kafa ko guda goma kafin su zo."

"'Yata, matattun nan ba haka muka binne su ba," in ji Baba. "Ba zan yi musu ƙarya ba."

Allah ya sani na ji haushinsa. Taurin kai ga tsoho, ana shirin bin kan matarsa da katafila!

Ranar da kwamitin ya zo, shugabansu ya zunguri wata tukunya da takalmi.

"Wannan ai binnewar Hausawa ce. Ku kuma daga ina?"

Baba ya nufi kabarin farko. Ya dogara sandarsa yana bin kaburbura ɗaya bayan ɗaya, yana kiran suna da shekara. "Saratu, matata. Bawa Ɗanjuma. Jaririn Ladi, bai kai suna ba." Kabari arba'in da uku, Barista tana rubutawa.

Sai Malam Tanimu maginin tukwane, maƙwabcinmu Musulmi, ya fito daga cikin 'yan kallo.

"Tukwanena ne. Duk wanda ya kira, a hannuna aka sayi tasa, kuma na zo gaisuwa."

Wata biyar ana kai da kawowa kafin a tuge turakun. Baba bai gani ba, yana kwance asibiti. Na gaya masa, ya ce, "To, kusa da Saratu."

Ranar jana'izarsa na hango Barista tafe daga gidan Malam Tanimu, rungume da sabuwar tukunya. Ta durƙusa gefena.

"Jemimah," in ji ta, "nuna mini yadda ake fasawa."