Teburin Mutum Huɗu

Tun ranar da babbar mota ta take matarsa Pogbi har lahira a mahaɗar kasuwa, tana kan keke da kwandon latas a baya, Tiraogo Nikiema bai sake zama wuri ɗaya ba. Tsohon malamin makaranta ne, 'ya'yansa duk suna Abijan. Kullum sai ya goge takalmi ya nufi ofishin magajin gari, maganarsa ɗaya: a ware wa masu keke hanya, a yi wa masu tafiya a ƙasa dakali a gefen titi. Har masu gadi suka saba da shi.

"Baba mai titi ya iso! Yau ma shugaba yana taro."

"To ai ni ma taron na zo," in ji shi, ya ja benci ya zauna.

Ana nan sai ga tallafin gyaran tituna ya fito, unguwarsu ta samu. Aka rage faɗin titin, aka ja wa kekuna layinsu da shingen siminti, aka kafa wa masu abinci rumfuna da tebura a bakin hanya. Ranar buɗewa aka yi kiɗa, aka yi jawabai. Wani ma ya ambaci sunansa, aka tafa, aka watse.

Washegari ya tashi ya goge takalmi kamar kullum, sannan ya tuna ba shi da wurin zuwa. Ya kira babban ɗansa.

"Sun gama titin, Wendyam. Da ka ga yadda mata ke wucewa da kaya, ba mai yi musu ham."

"Madalla, Baba. Ina bakin aiki, zan neme ka."

Da hantsi ya tafi rumfar Asseta mai wake da shinkafa. Ita 'yar ƙabilar Samo ce, shi kuwa Mosi, abokan wasa ne tun kaka da kakanni.

"Kai, bawana! Ka sa an yi mini tebur, yanzu ka zo ka cinye mini riba?"

"Zuba, baiwa. Danginku a ƙasa suke ci, yau kin ga kujera kin ruɗe."

Ta cika masa kwano har da ƙarin mai. Ya zauna a tebur mai kujeru huɗu yana ci a hankali, yana kallon masu keke. Wata ta wuce da ɗaurin ɗankwali irin na Pogbi, ya bi ta da ido har ta tsallake mahaɗar lafiya. Ya ajiye cokali.

Can sai ga wani magidanci da matarsa da yara biyu, suna ta waige-waigen wurin zama. Asseta ta kau da kai, tana kunyar ta tashe shi. Tiraogo ya miƙe.

"Ku zauna nan, ni na gama."

"Haba tsoho, ko rabi ba ka ci ba," in ji Asseta.

"Juye mini a leda. Wakenki sai ya huce ake gane kansa."

Ta yi dariya, ta juye masa a leda. Ya bi sabon dakalin har gida, ba wanda ya tsayar da shi. Ya buɗe ƙofa, ya kunna rediyo don a ji motsin mutum, ya zauna ya ƙarasa abincinsa.