Tarin Mai Aski

Shekara ashirin da biyu Dogo mai aski da kafinta suna maƙwabtaka, bango ɗaya ne tsakanin shagunansu. Kafinta mutum ne mai yawan tari, tun da aka san shi yake yinsa. Shi ya sa ranar da likita ta ɗaga hoton ƙirjin mai aski ta ce tarin fuka ne, bai yi wata-wata ba.

"Na san wanda ya shafa min," in ji mai aski.

Likita ta ce a turo mata mutanen gidansa da duk wanda suke yawan zama tare, a duba su. Ya rufe shago, ya ɗauke bencin da kafinta ke zama a kai da rana, ya daina amsa gaisuwarsa. Matarsa ya aika ta kai wa kafinta saƙon asibitin.

Kafinta ya je. Aka ɗauki hoto, aka gwada kakinsa, ba a ga komai ba. Ƙurar katako ce kawai ke damun maƙogwaronsa.

Mai aski ya koma asibiti bayan mako biyu, wando na zame masa saboda rama, kansa a ɗaure.

"Likita, a sake duba mutumin nan. In ba shi ba, to wa?"

"Baba, zauna tukuna." Ta jawo takarda ta zana da'ira. "A huhunka akwai wasu ƙwayoyi na garkuwar jiki. Aikinsu haɗiye duk wata cuta da ta shigo, su narkar da ita. To wannan ƙwayar cutar jikinta lulluɓe yake da wani abu kamar kaki."

"Wanda na tofa muku a kwalba?"

"A'a, irin na zuma. Sai a haɗiye ta, amma ta hana a narkar da ita. Ta yi zamanta a ciki."

"A cikin wa?"

"A cikin wanda ya haɗiye ta."

Ya dubi zanen, ya dube ta. Yarinyar ba ta yi kama da mai wasa da manya ba.

Ta ce daga nan jiki kan kewaye wurin ya toshe shi, cutar ta lafa, wani lokaci shekaru masu yawa, mutum yana harkarsa ba ya ko shafa wa kowa. Sai ƙarfin jiki ya ragu take tashi. Ta ce mai yiwuwa ciwon sugan da aka gano masa bara ne ya ba ta hanya.

"To garkuwar tawa tana aiki ko ba ta yi?"

"Tana yi. Ita ta tsare cutar."

"Kika ce kuma a cikinta ta ɓuya."

"E, haka ne."

"Duka biyun?"

"Duka biyun, Baba."

"To yaushe ta shige ni?"

"Ba wanda zai iya faɗa. Ƙila bara, ƙila tun ban shiga makaranta ba."

A hanyar gida ya yi ta tuno kawunan da ya aske. Direban da kullum ke zuwa da mura. Tsohon malamin makarantar da ya rame ya daina zuwa. Mutanen da ya sunkuya a kan fuskarsu yana gyara musu gashin baki, suna numfashi a hancinsa, yawancinsu ko sunansu bai sani ba. Wa zai yi fushi da shi a cikinsu?

Ya tarar da kafinta yana goge ƙafar wani tebur. Ya yi sallama, aka amsa masa ba a ɗago ba.

"Ashe da kaki abin yake zuwa," ya fara. "Ba kakin tari ba, na zuma. Sai jikina ya haɗiye shi. To shi wanda ya haɗiye shi ɗin, shi ne mai tsaron, amma a cikinsa yake kwana. Sugan ne ya buɗe..."

Kafinta ya ajiye aikin. "Dogo, haƙuri ka zo bayarwa ko karatu?"

"Haƙuri."

"To ka faɗe shi mana, ka bar zumar nan."

Ya faɗa. Kafinta ya ce ya ji, amma sai da ya yi kwana tara bai leƙa shi ba. Ya ce shi ma yana da zuciya.

Wata shida mai aski yana shan magani kowace safiya, matarsa na tsaye a kansa har ya haɗiye. Ya warke, ya mayar da jikinsa. In masu zuwa aski suka tambaye shi inda ya samo ciwon, sai ya fara bayani, ya rikice a tsakiya, ya ce su je su tambayi likita.

Kafin ya sake buɗe shago, likita ta ce masa ɗakin da iska ba ta ratsawa ba ya da kyau ga mai irin sana'arsa. Kafinta ne ya zo da guduma ya fasa masa taga a bangon baya. Ta ɗan karkace hagu. Mai aski ya gani, ya buɗe baki, sai kuma ya ce ta yi kyau.